Takardar gwajin jini a Jamus: haruffanta, ma'auninta da wuraren da ake tuntuɓe

Wanda ya saba da asibitocin Kano ko Zariya, idan aka ce masa PCV ɗinsa, wato kason jajayen ƙwayoyi a jininsa, 36 ne, ya san inda aka dosa. Na Maraɗi ko Damagaram kuma ya saba da NFS da glycémie. Ranar da ɗayansu ya karɓi Laborbefund, wato takardar sakamakon gwaji, a hannun likitan gida a Hamburg ko Essen, sai ya tarar da shafi cike da Hk, Ery, Thr, GOT, Krea, BSG, ga taurari da kibiyoyi a gefe. Jinin dai shi ne jinin, gwajin ma kusan duk iri ɗaya ne da na gida. Abin da ya sauya shi ne sunaye, da ma'auni, da salon rubuta lamba. A cikin ukun nan sunayen ne suka fi ba mutane tsoro, amma ma'aunin ne ya fi yin ɓarna.

Takardar takan zo da layuka huɗu ko biyar daga hagu zuwa dama. Na farko sunan gwajin, ƙarƙashin Analyse ko Parameter. Na biyu sakamako, wato Ergebnis ko Wert. Na uku Einheit, shi ne ma'aunin da aka auna da shi. Na huɗu Referenzbereich ko Normwert, iyakar ƙasa da ta sama da ake sa ran samu a jikin mai lafiya. Wasu ɗakunan gwajin suna ƙara Vorwert, wato sakamakon da aka samu a gwajin baya, kuma wannan layin ya fi ƙima fiye da yadda ake ɗaukarsa, domin lambar da ta tsaya wuri ɗaya shekara biyar ba ta da ma'ana ɗaya da wadda ta ninka cikin wata uku. A saman shafin a duba ko an rubuta Teilbefund ko Endbefund. Na farko yana nufin ba a gama ba, akwai sauran sakamako a hanya, kuma gwajin da bai fito ba za a ga an sa masa "folgt". Na biyu shi ne kammalalle.

Kafin komai sai an gyara ido a kan waƙafi da ɗigo. Bajamushe yana rubuta huɗu da rabi a matsayin 4,5, dubu goma kuma 10.000. Wanda ya yi karatu a Nijar ya saba da waƙafin nan, amma ɗan Najeriya ko Gana yakan ga 7.800 a gaban fararen ƙwayoyin jini ya karanta shi bakwai da ɗigo takwas. A nan ya ci sa'a, don 7.800 a kowace µl daidai yake da 7,8 a kowace nl. A wani layin sa'ar ba za ta zo ba.

Ma'auni biyu a ƙasa ɗaya

Jamus ta haɗe a 1990, amma ɗakunan gwajinta ba su gama haɗewa ba. Tsohuwar Jamus ta Gabas ta rungumi ma'aunin SI tun kafin haɗewar, Yamma kuma ta zauna a kan tsohon ma'auni na nauyi. Har yau asibiti a Leipzig ko Dresden yakan ba da haemoglobin, wato Hb, a mmol/l, na Köln ko München kuma a g/dl. Namiji mai Hb 8,1 mmol/l lafiyarsa ƙalau, domin idan aka ninka da 1,61 za a samu kusan 13 g/dl. Amma in ya ɗauki hoton takardar ya tura wa ɗan'uwansa ma'aikacin jinya a gida, aka karanta 8,1 a matsayin g/dl, za a ce jininsa ya yi ƙasa sosai, a fara maganar ƙarin jini. Lambar ba ta yi ƙarya ba, ma'aunin ne ba a duba ba.

Haka sukari yake. Ana raba mg/dl da 18 a samu mmol/l, don haka 99 mg/dl shi ne 5,5 mmol/l, kuma shi ne 0,99 g/l a rubutun da aka saba gani a Yamai. Kreatinin na 1,0 mg/dl daidai yake da 88 µmol/l. Kolestarol na 200 mg/dl kusan 5,2 mmol/l ne. Sinadaran hanta ana ba da su a U/l ko a µkat/l, kuma µkat ɗaya U sittin ne, don haka 0,60 µkat/l shi ne 36 U/l. Ƙidayar ƙwayoyin jini kuwa sunayenta sun yi yawa ba gaira ba dalili: /nl da Tsd/µl da G/l da Gpt/l duk abu ɗaya ne, lambar ba ta canzawa. A lura cewa Gpt/l da ke layin ma'auni ba shi da alaƙa da GPT na hanta, haruffan ne kawai suka yi karo.

Wanda ya fi kowanne yaudara shi ne CRP, sinadarin da ke tashi idan akwai kumburi ko kamuwa da cuta a jiki. Wasu ɗakunan gwajin suna ba da shi a mg/l, iyakarsa ƙasa da 5. Wasu a mg/dl, iyakarsa ƙasa da 0,5. Mutumin da ya haddace cewa "ƙasa da biyar lafiya ne" zai ga 3,0 ya kwantar da hankali, alhali in mg/dl ne, ya ninka iyaka sau shida. Saboda irin wannan ne ba a haddace iyaka daga intanet. Iyakar da ke kan takardar, ta ɗakin gwajin da ya yi aikin, ita ce abin dogaro, domin kowane ɗaki yana da na'urarsa da sinadaransa.

Tauraro ba hukunci ba ne

Sakamakon da ya fita daga iyaka ana yi masa alama da kibiya sama ko ƙasa, ko + da -, ko H da L, ko tauraro, ko a rubuta shi da baƙi mai kauri. Ya kamata a san yadda ake tsara iyakar nan. Ana auna mutane masu lafiya da yawa, a ɗauki kashi 95 na tsakiya, a yanke kashi biyu da rabi a kowane gefe. Ke nan a cikin masu lafiya ashirin, ɗaya zai faɗa waje ba tare da wata cuta ba. Idan aka yi wa mai lafiya gwaje-gwaje ashirin waɗanda ba su da alaƙa da juna, lissafi ya nuna yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da alama ta kai kusan kashi 64 cikin ɗari. Ke nan ganin tauraro ɗaya a shafi ba abin mamaki ba ne. Abin da likita ke dubawa shi ne nisan da lambar ta yi daga iyaka, da abokan tafiyarta a rukuni ɗaya, da abin da majinyacin yake ji a jikinsa.

Blutbild, ƙarami da babba

Kleines Blutbild, wanda ake taƙaitawa kl. BB, ƙidayar ƙwayoyin jini ne. Ery jajayen ƙwayoyi, Leu ko Leuko farare, Thr ko Thrombo ko PLT masu daskarar da jini in an ji ciwo. Hk ko Hkt shi ne PCV ɗin da aka sani a Najeriya, sai dai wani lokaci ana rubuta shi 0,42 l/l a maimakon kashi 42. Fararen ƙwayoyi a babban mutum sukan kasance tsakanin 4 da 10 a kowace nl, Thr kuma tsakanin 150 da 400. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran Hb ƙarancin jini idan ya gaza 13 g/dl a namiji, 12 a mace, kusan 11 a mai juna biyu.

Ana yawan zaton großes Blutbild yana nufin an duba komai da komai, har da hanta da ƙoda da sukari. Ba haka ba ne. Babban dai ƙaramin ne aka ƙara masa Diff-BB, wato rarrabe fararen ƙwayoyi gida biyar: Neutro, Lympho, Mono, Eos, Baso. Wanda yake son a duba hantarsa sai ya ce Leberwerte, mai son ƙoda Nierenwerte, mai son kitse Blutfette. In bai faɗa ba, kuma likita bai ga dalili ba, ba za a yi ba.

Haruffa uku da mutane ke tsallakewa, MCV da MCH da MCHC, su ne ke faɗin irin ƙarancin jinin. MCV girman jan ƙwaya ne, yawanci tsakanin 80 da 96 fl. Idan ya yi ƙasa, abu na farko da ake zargi shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, sai a duba Ferritin, wanda ke nuna ajiyar ƙarfen jiki, da TfS ko TSAT, wanda ke nuna yadda sinadarin da ke ɗaukar ƙarfe a jini ya cika. Fe, wato ƙarfen da ke yawo a jini, shi kaɗai ba ya wadatarwa, don yana hawa da sauka a cikin yini ɗaya. Ferritin ɗin ma yana da tarkonsa: kumburi yana ɗaga shi, don haka idan CRP ya hau, Ferritin mai kama da lafiya yana iya ɓoye ƙarancin ƙarfe. Idan MCV ya yi sama kuwa, ana duban bitamin B12 da Folsäure, da batun shan giya.

A nan ne asalin mutum yake shiga cikin lissafi, kuma wannan wuri ne da ya cancanci a tsaya. Iyakokin da ɗakunan gwajin Jamus ke amfani da su an samo su ne galibi daga jinin Turawa. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a kan jajayen ƙwayoyinsu, kuma masu wannan halitta sukan kasance da Neutro ƙasa da na Bature ba tare da garkuwar jikinsu ta raunana ba. Bahaushe mai cikakkiyar lafiya yana iya ganin kibiya ƙasa a gaban Leu da Neutro duk lokacin da aka gwada shi. Likitan da bai saba da baƙar fata ba yana iya tura shi wurin ƙwararren jini, ko ya dakatar da wani magani da yake buƙata. Wannan ba dalili ba ne na yin watsi da lambar, domin akwai cututtuka da magunguna da ke saukar da ita da gaske, amma dalili ne na a ambaci maganar Duffy a gaban likita, a kuma ajiye tsofaffin takardu da ke nuna cewa lambar haka take tun da daɗewa. CK, sinadarin tsoka, shi ma yakan fi yawa a jikin baƙar fata, musamman maza, kuma yana tashi sosai bayan aikin ƙarfi ko motsa jiki mai tsanani ko allurar da aka yi a tsoka. Sannan MCV ƙarami tare da Ferritin mai kyau yana iya zama alamar alpha-Thalassämie, wadda ba baƙuwa ba ce a yankinmu, kuma ƙwayar ƙarfe ba ta gyara ta. Gwajin da muke kira genotype a gida, a Jamus sunansa Hb-Elektrophorese ko Hämoglobinanalyse. Tun watan Oktoba na 2021 ana gwada duk jaririn da aka haifa a ƙasar don gano amosanin jini, amma babban da ya shigo daga waje sai ya nema.

Eos da ya hau, a wurin Bajamushe, yawanci rashin jituwa ne da ƙurar furanni ko wani magani. A wurin wanda ya taso yana wanka a kududdufi ko dam, dole a yi tunanin tsargiya da tsutsar ciki, ko da ya shekara goma rabonsa da gida. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ba a nemansa a Blutbild na yau da kullum. Wanda ya dawo daga ganin gida ya kama zazzaɓi, wajibi ne ya faɗi ƙasar da ya je tun a bakin ƙofa, a yi masa Dicker Tropfen da Ausstrich, wato duba jini a madubin likita don neman ƙwayar cutar, a ranar. Thr da ya faɗi tare da LDH da Bili, alamun fashewar jajayen ƙwayoyi, da suka hau a jikin mai zazzaɓin da ya dawo daga Afirka ba abin jira zuwa Litinin ba ne.

Hanta da ƙoda

Jamus ta daɗe tana riƙe da tsofaffin sunaye. GOT shi ne AST ko ASAT, GPT shi ne ALT ko ALAT, kuma takarda ɗaya tana iya ɗauke da sunayen biyu. GPT ya fi keɓanta da hanta, iyakarsa yawanci ƙasa da 50 U/l a maza, ƙasa da 35 a mata. GOT yana cikin tsoka da zuciya ma, don haka in shi kaɗai ya hau tare da CK, tsoka ake zargi. GGT ko γ-GT yana tashi da giya, da kitse a hanta, da wasu magunguna, da toshewar hanyar madaciya. Musulmin da bai taɓa kurɓar giya ba yana iya samun GGT mai yawa saboda ƙiba ko ciwon sukari ko maganin farfaɗiya, kuma yana da kyau ya faɗa wa likita kai tsaye cewa ba ya sha, don a wuce wannan zargin a nemi dalili na gaskiya. Jiƙo da garin magani da aka aiko daga gida su ma a ambace su, domin hanta ce ke tace su. AP yana fitowa daga hanta da ƙashi, shi ya sa yake da yawa a jikin yaro mai girma da mace mai ciki ba tare da wata matsala ba. Bili shi ne sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya a ciwon shawara, "ges." na nufin jimla, "dir." da "indir." kuma kashi biyunsa. CHE ya saba wa sauran: raguwarsa ce ke nuna hanta ta gaza aiki.

A ɓangaren ƙoda, Krea shi ne Kreatinin, Hst shi ne Harnstoff, wato urea, HS ko Hsre kuma Harnsäure, wato uric acid, wanda yawansa ke jawo ciwon gaɓɓai mai kama babban yatsan ƙafa. Kalmomin biyu na ƙarshe sun yi kama, ma'anarsu ta sha bamban. Harnstoff ɗin Jamus kuma ba shi ne BUN na takardun Amurka ba, sai an ninka BUN da 2,14 kafin a kwatanta. Daga Krea da shekaru da jinsi ake lissafa eGFR, wato ƙiyasin yawan tacewar ƙoda. Ƙiyasi ne, ba awo ba. Mai kaurin tsoka, ko wanda ya ci nama da yawa a daren jiya, ko wanda jikinsa ya bushe saboda rashin ruwa, Krea ɗinsa zai hau, eGFR ya sauka, alhali ƙodar tana aikinta. Ba a cewa mutum yana da ciwon ƙoda mai ɗorewa sai eGFR ya zauna ƙasa da 60 sama da wata uku, ko an ga wata alamar lalacewa kamar furotin a fitsari. In ana shakka akwai Cystatin C, wanda bai damu da tsoka ba.

Na da K su ne Natrium da Kalium. Kalium yana zama tsakanin 3,5 da 5,1 mmol/l ko kusa da haka, kuma kaucewarsa sosai yana taɓa bugun zuciya. Amma yana cikin lambobin da suka fi fitowa da kuskure. Idan aka ɗaure hannu ya daɗe, ko aka sa mutum ya yi ta dunƙule hannu yana buɗewa, ko kwalbar ta kwana ba a tace ta ba, jajayen ƙwayoyi sukan fashe ko su zubar da Kalium ɗin da ke cikinsu. In an ga "hämolytisch" a ƙasan takarda, ma'anarsa ke nan, kuma K da LDH da GOT na wannan kwalbar ba abin dogaro ba ne, sai an sake ɗiba.

Sukari, da kalmar nüchtern

BZ shi ne Blutzucker, wato sukarin jini. NBZ ko "nü" na nufin an ɗebi jinin kafin a ci komai, "pp" bayan cin abinci. Nüchtern na nufin awa takwas zuwa goma sha biyu ba abinci, ba shayi mai sukari, ba madara, amma ruwa ana sha, har ma ana so a sha. Nan ya bambanta da azuminmu. Mai azumin Ramadan da aka ɗebi jininsa da la'asar, bai sha ruwa ba tun asuba, Hk da Harnstoff da Krea ɗinsa suna iya ɗan hawa. Wanda kuma ya yi sahur da ƙarfe huɗu aka ɗebi jini ƙarfe takwas, yana azumi amma ba nüchtern yake ba. A faɗi lokacin da aka ci abinci na ƙarshe, ya fi a ce "ina azumi".

Sukarin safe da ya kai 126 mg/dl, wato 7,0 mmol/l, yana cikin ma'aunin ciwon sukari idan an tabbatar da shi. HbA1c yana nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, ana rubuta shi iri biyu, kashi 6,5 daidai yake da 48 mmol/mol. Gwajin ya dogara ne da cewa jan ƙwaya tana rayuwa kusan kwana 120. A jikin mai SS ƙwayar ba ta wuce kwana goma zuwa ashirin, don haka HbA1c zai fito ƙasa da gaskiya, ba a dogara da shi. A mai AS ko AC ya danganta da na'urar ɗakin gwajin, shi ya sa ya kamata likita ya sani. Ƙarancin ƙarfe kuwa yana iya ɗaga lambar ba tare da sukari ya hau ba. A irin waɗannan yanayi ana komawa ga auna sukarin kai tsaye ko oGTT, gwajin da ake shan giram 75 na gulukos a sake aunawa bayan awa biyu.

Akwai lamba ɗaya da Jamus da maƙwabtanta masu jin Jamusanci ke riƙe da ita, Quick, gwajin daskarewar jini. Sunan likitan Amurka ne, Armand Quick, wanda ya fito da gwajin a 1935, ba shi da alaƙa da sauri. Ana ba da shi a kashi cikin ɗari, mai lafiya daga 70 zuwa sama. Shi da INR gwaji ɗaya ne amma suna tafiya a saɓanin juna: jini na tsinkewa, Quick na sauka, INR na hawa. Mai shan Marcumar, maganin tsinka jini wanda shi ne ake bayarwa a Jamus a gurbin warfarin, yawanci ana son INR ɗinsa tsakanin 2 da 3, Quick ɗinsa kuma zai fito ƙasa sosai da tauraro a gefe, kuma haka ake so. INR ake bi, domin Quick yana canzawa daga ɗakin gwaji zuwa wani. Sababbin magunguna irin su Xarelto da Eliquis ba a auna aikinsu da INR. BSG ko BKS shi ne ESR, gwajin da ke nuna kumburi a jiki, TSH da fT3 da fT4 na maƙoƙo ne, kuma TSH ma a juye yake, yana hawa idan maƙoƙo ya yi kasala. Ƙwayoyin biotin masu ƙarfi da ake sha don gashi suna iya rikita wannan gwajin a wasu na'urori.

Ciwon hanta na B ya yaɗu a yankinmu fiye da Jamus nesa ba kusa ba, don haka layukansa uku sun cancanci a san su. Ag na nufin ɓangaren ƙwayar cutar kanta, AK ko Anti na nufin garkuwar da jiki ya yi. HBsAg "positiv" ko "reaktiv" yana nufin cutar tana jiki yanzu. Anti-HBc yana nufin an taɓa haɗuwa da ita, allurar rigakafi ba ta kawo shi. Anti-HBs kaɗai, ba tare da sauran biyun ba, shi ne hoton wanda aka yi wa rigakafi, kuma a Jamus ana ɗaukar 100 IE/l zuwa sama a matsayin rigakafin ya kama. Ke nan kalmar positiv a wannan layin albishir ce, a layin HBsAg kuma kira ne zuwa wurin likitan hanta. Tun Oktoba 2021 mai inshorar gwamnati da ya kai shekara 35 yana da damar a yi masa gwajin B da C sau ɗaya kyauta a cikin Check-up, binciken da ake yi duk shekara uku wanda ya ƙunshi kitse da sukarin safe da fitsari. Abin da ya wuce haka ba tare da dalilin ciwo ba, kamar bitamin D ko PSA, gwajin prostate na maza, yakan faɗa cikin IGeL, wato majinyaci ne zai biya daga aljihunsa.

A gwajin fitsari, U-Status ko U-Stix, ana son Mittelstrahlurin: a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya. Nitrit da Leu tare suna nuna ƙwayoyin cuta a mafitsara. In an shuka fitsarin, KBE/ml ne yawan ƙwayoyin, sannan a jera magunguna da S ko I ko R a gabansu. S zai yi aiki, R ba zai yi ba. I kuwa tun 2019 ma'anarsa ta koma "zai yi aiki idan an ƙara yawan maganin", ba tsaka-tsaki ba kamar da.

Haruffan da ke da fuska biyu

Wasu gajerun kalmomin ba a gane su sai an dubi maƙwabtansu. AP a takardar gwaji sinadarin hanta da ƙashi ne, a wasiƙar likita kuma yana iya zama Angina pectoris, ciwon ƙirji na zuciya. HK yana iya zama Hämatokrit, wato PCV, ko Herzkatheter, binciken zuciya da siririn bututu. PCT a tsakiyar Blutbild lissafin ƙwayoyin daskarewa ne, kusa da CRP kuma Procalcitonin ne, alamar kamuwa da bakteriya mai tsanani. TG kitse ne a wani wuri, sinadarin maƙoƙo a wani. HWI yawanci ciwon mafitsara ne, amma a bakin likitan zuciya yana iya nufin toshewar jijiyar jini a bangon zuciya na baya. Na'urar fassara ta waya ba ta san wannan bambancin ba, za ta zaɓi ɗaya ta miƙa maka da cikakken tabbaci. Ma'aunin da ke gefe da rukunin da layin yake ciki su ne ke warware shi.

Sai ƙananan kalmomin da ke ɗauke da hukunci. "o.B." da "o.p.B." na nufin ba a ga wata matsala ba, "unauffällig" ma haka. "n.n." ba a gano abin da aka nema ba. "grenzwertig" yana bakin iyaka, yawanci sai an maimaita. "i.S." a ruwan jini, "i.U." a fitsari. "V.a." zargi ne kawai, ba a tabbatar ba. "Z.n." abin da ya riga ya wuce. "z.A." ana gwadawa ne don a kawar da shakka. "DD" jerin cututtukan da ake aunawa a tsakaninsu. Mutum ya ga sunan wata muguwar cuta a takardarsa ya kwana bai runtsa ba, alhali haruffa biyun da ke gabanta suna cewa ana so ne a tabbatar ba ita ba ce.

Dokar Jamus, sashe na 630g na BGB, kundin dokokin farar hula, ta ba majinyaci haƙƙin ganin fayil ɗinsa da karɓar kwafi, kuma Kotun Tarayyar Turai ta yanke a Oktoba 2023 cewa kwafin farko kyauta ne. Ya isa a ce wa ma'aikaciyar da ke gaban tebur ana son Ausdruck der Laborwerte. A jera takardun bisa kwanan wata, a tafi da su duk lokacin da aka sauya likita ko gari, musamman in daga Gabas za a koma Yamma. Idan sakamako ya kai matakin haɗari, ɗakin gwajin yakan buga wa likita waya a ranar, shi kuma ya nemi majinyacin, don haka a tabbata lambar wayar da ke wurinsu tana aiki. In sakamako ya iso ta manhaja ranar Asabar, ofishin likita a rufe, ga kuma jiki ba daɗi, 116117 ita ce lambar likitan da ke bakin aiki dare da ƙarshen mako. Ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko zubar jinin da ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi mai gusar da hankali, waɗannan na 112 ne, lambar gaggawa, ko me takardar ta ce.